Yanka Goma Sha Huɗu a Layin Dogo

Ƙafafunta ya fara gani. An kira shi gyaran soket a ɗakin baya na wani gida, yana shiga ya tarar wani makeken tebur ya cinye ɗakin. A kansa ga tsaunuka na takarda, ga gada, ga tasha da ba ta wuce kwalin ashana ba, ga siririn layin dogo yana zagaye su. Daga ƙarƙashin teburin kuma tafin ƙafa biyu ne suka leƙo, hayaƙin dalma yana tashi.

"Malam, ko wane ne kai, kada ka ɗora jakarka a kan garina," in ji wata murya.

Ya riga ya ɗora. Ta fito da rarrafe, ƙarfen narka dalma a hannu, ta dubi bishiyoyi uku da suka kwanta a ƙarƙashin jakar, sannan ta dube shi. Kallon ba na so ba ne ko kaɗan, amma bawan Allah nan take ya kamu. Soket ɗin aikin minti goma ne, sai da ya yi masa zuwa huɗu.

Malamar lissafi ce, tun tana ƙarama take gina garin nan tare da babanta, tsohon mai gyaran rediyo. Shi kuwa mai wayarin gidaje ne, kuma yana da wata cuta: ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko gidan mutane ya je ya ga hoto ya kauce a bango, sai ya miƙe ya daidaita shi. Ta sa masa suna Sarkin Gyara, shi kuma yana ce mata Direba.

"Direbata, yau jirgin ƙarfe nawa zai tashi? A ajiye mini kujera kusa da taga," ya rubuta mata.

"Babu kujerar mai karya bishiyoyi. Amma ka zo da yamma ka riƙe mini fitila."

Haka ya yi wata biyar yana riƙe fitila a ƙarƙashin tebur, hannunsa na ƙaiƙayi. Har an sa ranar da iyayensa za su zo neman aure, saura mako biyu, cutar ta motsa.

Da ma ya daɗe da lura da wasu 'yan tsagu a jikin layin dogon, sirara kamar gashi, guda goma sha huɗu. Tausayi ya kama shi: shekara da shekaru yarinya na fama da karyayyen layi, babu mai taimaka mata! Ran wata Laraba tana makaranta ya lallaɓi Mama, mahaifiyarta, ta buɗe masa ɗakin. Ya liƙe tsagun kaf da dalma, ya goge su har suna sheƙi.

Tana dawowa ya ce, "Kunna ki ga abin mamaki, ranki ya daɗe."

Ta kunna. Jirgi bai motsa ba. Sai wani gurnani, sai ƙauri, sai hayaƙi daga ɗan akwatin katakon da ke ba layin wuta. Taransifomar da ke ciki babanta ne ya naɗa mata wayarta da hannunsa, shekara ashirin da suka wuce. Ta fizge filogi, ta shafa layin da yatsa, ta juyo a hankali.

"Ina yankana?"

"Wane yanka? Karaya ce na liƙe miki."

"Karaya? Ni na yanka su, da zarto, ɗaya bayan ɗaya! Ta layi ɗaya wuta ke zuwa, ta ɗayan take komawa. Can inda jirgi ke zagayowa ya dawo kan hanyarsa, in ba a yanka ba sai su haɗu. Kai da kake mai wuta, sai an gaya maka abin da ke faruwa in sun haɗu?"

"Ai da kin gaya mini..."

"Da ka tambaya!"

Baba ya shigo, ya ɗauki akwatin ya shinshina. Hannunsa yanzu rawa yake yi saboda tsufa, kowa ya san ba zai iya naɗa wata ba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ka ce wa iyayenka su dakata. Ba don akwatin ba. Mutumin da ke gyara abin da bai lalace ba, bai kuma tambayi mai abin ba, ban san me zai tashi gyarawa a halin 'yata ba."

Labari bai kwana biyu ba mai shagon da take sayen kayan jirgi ya ji. Da ma ya jima yana rawar kai a kanta. Sai ga shi da sabuwar na'ura a kwali, mai fitilu kala-kala, Mama har da cewa ga mutum mai hankali. Sarkin Gyara ya hango shigarsa daga bakin titi, zuciyarsa ta yi baƙi, ya rubuta mata a waya:

"Na ga an kawo sabuwa. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta zo kafin ya mayar da wayar aljihu:

"Ka sake yanke hukunci ba ka tambaya ba. Da kwalinsa ya koma. Wallahi kana ba ni haushi, kuma abin takaicin kai ɗin dai nake so."

Ya karanta ya fi sau goma. Washegari ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, zagaye nawa ka naɗa wayar? In ka yarda, kai ka faɗa, ni in naɗa."

Tsohon ya ce, "Ɗauko kujera."

Asabar uku suka yi. Sau biyu Baba ya sa shi warwarewa daga farko saboda ya yi gaggawa, ya haɗiye haushinsa ya warware. Da akwatin ya tashi, Direba ta miƙa masa ɗan zartonta ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗora shi a kan layi.

"Nan?"

"Nan."

Ya yanka, ya matsa gaba. "Nan?"

A na tara haƙurinta ya ƙare. "Haba! Ga dalmarka nan ƙuru-ƙuru, yanka mana!"

"A'a, sai kin ce."

"Na ce! Wayyo ni, daga rashin tambaya sai yawan tambaya."

Yana gama na goma sha huɗu idonsa ya faɗa kan wata sandar sigina a bakin gada, ta karkace, gam ya daskare a gindinta. Hannunsa ya tafi da kansa. Saura kaɗan ya taɓa ta ya janye hannun, ya cusa shi a aljihu.

"Direba, wannan sandar, haka ake son ta?"

Baba ne ya amsa. "Ita 'yata ta fara kafawa a teburin nan, tana shekara bakwai. Haka ake son ta."

Ta kunna. Jirgin ya tashi, ya haye gada, ya zagayo ya dawo kan hanyarsa lafiya lau. Ta yi dariya, hawaye na zuba. Baba bai ɗauke ido daga jirgin ba ya ce, "Ka ce wa iyayenka su zo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za su tafi gidansu, Baba ya riƙe hannuwansu biyu cikin nasa masu rawa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Sannan ya dubi angon. "Kai kuma ga ta nan. Na duba ta shekara ashirin da bakwai, babu inda ta lalace."