Labulen Bakin Lungu

Kai ma ka ga labulen nan. Shekara bakwai kana cashewa a gabansa duk lokacin da unguwa ta fito titi tarbar hutun ƙarshen shekara, ba ka taɓa tambayar me ya rufe ba. Lungu ya rufe, mai gidaje goma sha tara, da kwatar da ta toshe ta malale hanya. Kwamitin shagali ya ga sayen yadi ya fi yashe kwata sauƙi.

A bakin lungun suka haɗu. Ita tela ce, 'yar shugaban kwamiti, ta zo awon sabon labule. Shi malamin lissafi ne, yana dawowa daga makaranta.

"Malam, don Allah riƙe min bakin tef ɗin nan."

Ya riƙe. "Me ake aunawa?"

"Labule."

"Au, likkafaninmu? Ƙara taku biyu, bara ana hango ƙafafunmu."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya nuna mata wata tsohuwa a keken guragu can ciki.

"Innata ce. Da an kafa turaku an ɗaure yadin, kekenta ba ya wucewa. Shekara bakwai kiɗa kawai take ji."

Ranar, sau uku tana ɓata awo.

Sati biyu ba su cika ba, sai ga saƙonsa a wayarta: "Allurata, kin soke ni, kuma na ƙi a cire." Ta mayar: "Malamina, lissafinka ya fi zancenka daɗi. Amma ci gaba."

Da magana ta kai kunnen mahaifinta, ya buga tebur.

"Ɗan bayan labule? Ga ɗan mai hayar lasifika yana binki da mota! Ki gama ɗinkin nan kafin Asabar, kuma kada in sake jin zancen."

"To, Baba," ta ce, ta zauna kan keke.

Ranar Asabar da la'asar malamin ya fito ya tarar da labule a tsaye, shuɗi, ya fi na bara tsawo. Ya ciro waya ya rubuta mata: "Ashe da hannunki za ki rufe uwata. Na gode." Amsa ta zo: "Turo Inna bakin labule. Ka sa mata mayafinta mai kyau."

Titi ya cika maƙil, an jera kujeru, yara na tsalle. Shugaba ya karɓi makirfo yana yabon tsaftar unguwa, ku kuna tafi. 'Yarsa kuwa ta ratsa taron, ta kama wani jan zare da ke lilo a tsakiyar labulen. Ɗinkin wucin gadi ta yi wa tsakiyar, irin wanda tela ke yi kafin gwaji. Ta ja sau ɗaya, yadin ya rabe biyu.

Wari ya fara fitowa. Sannan Inna, ɗanta na tura ta.

Kiɗa ya tsaya. Ɗan mai lasifika ya toshe hanci ya koma mota. Tsohuwa ta ƙura wa shugaba ido.

"Kai, Dogo? Ashe kai ne mai labulen? A lungun nan aka haife ka, ɗan nan. Da uwarka ta kwanta ciwo, ni na goya ka wata shida."

Makirfo na bakinsa, kowa na ji. Ya durƙusa a gaban keken, gwiwarsa cikin ruwan kwata.

"Inna, ki yafe min."

"Na yafe. Amma 'yarka nake so, mai jan zaren."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Shuɗin yadin nan shi aka yi rumfa da shi, Inna a ƙarƙashinsa tana sa albarka: Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai kunya da ƙarfin hali.

Amin. Amma kada ka yi murmushi ka rufe shafi. Kwatar tana nan a toshe, amarya kullum sai ta tattare zani take shiga gidanta. Kwamiti zai zauna ranar Laraba, kuma har wani ya kawo shawarar a sayi kwanon rufi a kafa a maimakon yadi. Ka je zaman nan ka buɗe baki. In ba ka iya magana ba, akwai shebur a gidanku. Ɗauko shi.