Ramuka Biyu a Gidan Duba-gari

Da la'asar sakaliya Na'Allah ya jingine kekensa a ƙofar gidan da En'e, hukumar gargajiya, ta ba shi a Illo. Duba-gari ne, mutumin Bagudo, an turo shi nan a shekarar da Bature ya miƙa mulki. Aikinsa shiga gidajen mutane da ludayi, ya leƙa randa, ya leƙa masai, ya fito yana faɗa. Yau kuwa gidan kansa ya zo dubawa, domin gobe da hantsi za a tsallako kogin Kwara da matarsa Saratu. Tun aurensu take raɓe a gidan yayansa can Bagudo, ga ciki ya tsufa, kuma ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in bai samar mata inda za ta haihu ba, gidan ubanta bai rushe ba.

Ranar da aka ba shi makulli ya zagaya gidan tare da Arzika magini, kuma abin da ya gani ya ishi mutum ciwon kai. Gara ta cinye azarar ɗakin kwana. Indararo ya karye, ruwa ya zane bango. Bakin masai ya rufta, jemagu sun maida madafi nasu, ga wani ƙahon rago da aka cusa a saman ƙofa, ba wanda ya san ko na mene ne. Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ramuka biyu a gindin katanga, ɗaya a gabas ta wajen kogi, ɗaya a yamma ta wajen dajin ƙasar Dahomi, suna kallon juna. Kowanne akuya za ta iya kutsawa, bakinsu kuma ya yi sumul kamar bakin tsohuwar rijiya.

Arzika ya ce masa, "Malam, wagga hanya ta. Da magariba mutanen ɓoye ka bi, daga ruwa zuwa daji. In dole sai an liƙe, a fara da na gabas, da sahe, su iske ruhe su kewaya."

Na'Allah bai yi gardama ba. Shi ma ɗan bakin kogi ne, ya san ba mutane kaɗai ke zaune a ƙasa ba. Amma liƙewa dole ce. Ina shi ina kwantar da jariri a gidan da maciji ke da ƙofa har biyu? Ga mutanen gari, waɗanda ya sha ci wa mutunci a kan ramin ɓera, sun zuba ido su ga nasa gidan.

To, yau da ya shiga, ga ramuka nan yadda ya bar su. Arzika ya kwaɓa ƙasa, ya tara ta a gindin katangar yamma, ya tsallaka iyaka cin kasuwa abinsa. Na'Allah ya tsaya yana huci. Ya zagi magini, ya zagi En'e, ya haɗa da wanda ya fara gina gidan. Sannan ya tuɓe rigar kaki ya naɗe wando.

Ƙasar tana dab da ramin yamma, kuma ba kwando ba ƙwarya a gidan. Ya dubi rana, ya ga da saura. Ya ce a ransa bari ya gama da na kusa, sa'an nan ya yi jigila da hannu zuwa gabas. Haushi ne ya yi masa wannan lissafi, haushi kuwa bai iya lissafi ba.

"A gafara, masu wuri," ya ce a hankali, ya fara cusa ƙasa.

Ramin ya fi yadda ya zata zurfi. Ya cusa, ya danna, ya ƙara. Gumi na shiga masa ido. Yana shafe yaɓen da tafin hannu ke nan ladan ya ɗaga murya daga cikin gari.

Kwaɗin fadama suka yi tsit, duka a lokaci guda.

Wani wari ya shigo tsakar gida. Warin laka, da ƙarnin kifi, da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa. Na'Allah ya juyo a durƙushe.

Taf. Taf. Taf.

Kamar jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan daɓe. Bai ga kowa ba. Amma daga ramin gabas sawu na fitowa a busasshiyar ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, jiƙe da ruwa. Sun miƙo sak zuwa inda yake.

Ya ja da baya har ya haɗu da katanga. Sawun ya iso gaban sabon yaɓe, ya tsaya.

Wani ya biyo baya. Da wani. Waɗansu manya, waɗansu na jan ƙafa. Suka yi layi, layin ya cika, ya fara bazuwa. Na bayan ba su san an rufe gaba ba, shigowa kawai suke yi. Hanyar zaure ta jiƙe sharkaf.

Sanyi ya kama masa idon sawu, ya hau gwiwa, kamar mai shiga kogi da asuba. 

A jikin ɗanyen yaɓen, kusa da kafaɗarsa, shatin yatsu ya lotsa. Siraran yatsu. Suna lalube.

Aka yi raɗa da Dandanci, yaren mutanen yankin, a kunnensa na hagu. Bai gane ba. Sai aka maimaita da Hausa a na dama, muryar tsohuwa, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Wa ar ruhe muna?"

Sanyin ya kai ƙirji. Ana matse shi ta ko'ina. Numfashi ya fara gagararsa.

Ya faɗi rub da ciki ya kai wa yaɓen hannu biyu. Ya yaƙusa. Ya tona. Farce ya ɓalle, bai ji ba. Ƙasar da ya danna da ƙarfinsa ta ƙi shi.

Ya tura hannu har kafaɗa.

Iska ta taɓa yatsunsa.

Suka bi ta kansa. Ƙafafu masu sanyi a gadon bayansa, a wuyansa, a ƙeyarsa, ba nauyi, ba iyaka. Ya kife fuska a ƙasa yana jin su suna wucewa, har na ƙarshe, mai jan ƙafa, ya ɗan tsaya a kansa kafin ya fice.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Washegari aka kawo Saratu. Ta zagaya gidan tana murna, har da ƙwalla, ta ce komai ya yi, ramukan nan kawai za a toshe. Na'Allah ya ce ba za a toshe ba. Ta tambayi dalili, ya ce iska ce ke shiga. Ya san in ya faɗi gaskiya, jirgin da ya kawo ta shi zai mai da ita, don haka ya haɗiye. Mutanen Illo suka samu abin dariya, duba-gari da kansa da ramuka a katanga. Ya bar su suka yi ta yi. Kullum kafin magariba yana gida, ya kawar da turmi da tabarma daga tsakanin ramukan, ya kora iyalinsa ɗaki.

Saratu ta haihu lafiya, mace, aka sa mata Barira. Yarinya ta yi wayo har ta fara zama.

Wata rana aiki ya riƙe shi a wani ƙauye. Ya taka keke kamar zai karya shi, amma ana kiran salla ya shigo zaure. Saratu na tsaye a ƙofar madafi, ludayi a hannu, ta ƙame. Barira na zaune a tsakiyar tsakar gida. Ta janye ƙafafunta gefe kamar mai ba da hanya, tana bin wani abu da ido daga gabas zuwa yamma, tana ɗaga hannu tana dariya. Gashin kanta a jiƙe.

Saratu ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Ashe ka sani."

Da gari ya waye ta goya 'yarta, ta nufi bakin kogi. Na'Allah ya bi ta da kaya a ka, yana ta magana, ba ta waiwayo ba. Gidan yana nan a hannunsa, ya gyara azara, ya sa sabon indararo, ya gina bakin masai. Shi kaɗai yake kwana a ciki.