Sunan Genilson a Shafin Kotu

Ranar da Genilson ya fara ganin Jucélia, tana tsugune gaban injin fotokwafinta tana zaginsa, don ya cije takarda ya ƙi saki. Shagonta yana daura da kasuwar garinmu, kuma rabin aikinta buga wa mutane takardar shaidar cewa hukuma ba ta nemansu ne, tunda yanzu ko wanke-wanke za ka yi a gidan abinci sai an tambaye ka takardar nan. Shi kafinta ne a bayan kasuwa, zanen kabad ya kawo a kwafa masa.

"Baiwar Allah, in kin gama zaginsa ki ba ni wuri."

Ta ɗago ta harare shi, amma ta matsa. Ya sa yatsa biyu ya zaro takardar kamar wasa. Jucélia ta yi dariya, shi kuwa ya manta abin da ya kawo shi.

"Ladan gyara," in ji ta, "kawo lambar katin shaidarka in buga maka takardar shaida kyauta."

Nan take fara'arsa ta ɗauke. Ya ce yana sauri, ya fice ya bar zanensa a kan tebur. Da yamma ta ga lambar wayarsa a ƙasan zanen, ta rubuta masa: "Malam kafinta, ka bar kabad ɗinka a shagona. Ko ni ce na ba ka tsoro?"

Ya amsa: "Ke ce. Tun ɗazu nake ta yanka katako ba daidai ba. Gobe zan zo in ƙara tsorata."

Haka abin ya soma. Yana kiranta Zumata, tana kiransa Matsoracina, kuma sunan ya dace da shi har abin ya zama abin haushi. Mutumin nan ba ya shiga motar da ke zuwa birnin Feira de Santana. In ya hango motar 'yan sanda sai ya tuna yana da aiki a wani lungu. A bikin São João, da gari ya cika da kiɗa da ƙamshin gasasshiyar masara, Jucélia ta ɗinka riga, ta yi kitso, suka isa ƙofar fili inda aka kafa na'urorin gane fuska, sai gogan ya toge.

"Mu tsaya nan waje, Zumata. Kiɗan ya fi daɗi daga nesa."

"Daga nesa? Genilson, kai da wa kake ɓuya? In mata gare ka a ciki ka faɗa mini, in san da wa nake kokawa."

Ya rantse babu kowa. Ta koma gida da rigarta ba ta taka rawa ko sau ɗaya ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yarinyar da take duba sunan rabin gari a kwamfuta ta kasa duba na saurayinta. Tsoron abin da za ta gani take yi, ba ta son ta faɗa.

Mahaifiyarta, Dona Valdete, ba ta da wannan tsoron. Tunda kotuna suka zuba takardun kamu a intanet kowa na iya dubawa, ta duba mai hayar ɗakinta, ta duba mai kawo mata iskar gas, har direban limamin coci bai tsira ba. Kuma tana da nata ɗan takarar, Cleiton, mai gadi a babban kanti, wanda ya kai mata takardar shaidarsa an lulluɓe ta da leda kamar hoton aure. Duk Asabar yana falonta yana shan kofi yana ba da labarin ɓarayin da ya kusa kamawa.

Ranar Lahadin da Jucélia ta kawo Genilson cin abincin rana, Dona Valdete ta zuba wake da shinkafa da miyar kifi, amma ta riƙe ludayin a kan farantinsa.

"Cikakken sunanka, da sunan mahaifiyarka."

"Haba Mainha, ki bari ya ci abinci mana," in ji Jucélia, don haka take kiran mahaifiyarta.

"Abinci ba zai gudu ba. Shi ne ban sani ba."

Genilson ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Ta gyara gilashinta, ta latsa wayarta. Daga nan ta juyo da wayar ta ajiye a gaban 'yarta. Ga sunansa nan, ga na uwarsa, ga takardar kamu tun shekara uku da suka wuce, kan satar babur a Feira.

"Tashi ka bar mini gida," in ji Dona Valdete. "Kuma ka gode ban kira su ba."

Ya tashi ya fice. Rashin kare kansa da bai yi ba ne ya fi ƙona ran Jucélia. Kwana tara tana ganin kiransa tana kifa wayar, tana kuka a bayan injin, Cleiton kuwa ya ƙaro zuwan Laraba. A rana ta goma saƙo ya shigo: "Zumata, ban taɓa satar ko ƙusa ba. Ki ba ni minti biyar a shagonki, in ya so ki kira 'yan sandan da kanki."

Ya zo da hantsi, ya rame. Ya ce yayansa Gilmar ne ya ɗauki katinsa, da aka kama shi da babur ya ba da sunan ƙanensa, da aka sake shi kafin shari'a ya gudu São Paulo. Uwarsu ta durƙusa a gaban Genilson tana kuka, ta roƙe shi kada ya tona ɗan'uwansa.

Jucélia ta cika ta yi fam. "Shekara uku! Shekara uku kana bin lungu kamar ɓera saboda ƙaton da yake can yana barcinsa? To ni fa? In muka yi aure, ni ma bin lungu zan koya? Ɗanmu a waje zai riƙa jin kiɗa?"

"In na je kotu, kulle ni za su fara yi kafin su saurare ni. Kin san yadda abin yake."

Ta san yadda abin yake. Idonta ya sauka kan takardun 'yan takara da aka liƙe mata a bango ba da izininta ba. Kowa a ƙasar nan ya san kwana biyar kafin zaɓe ba a kama mai katin zaɓe da irin wannan takardar, sai dai wanda aka riska yana cikin laifi.

"Kana da katin zaɓe?"

"Ina da shi."

"To, satin zaɓe za mu je. Ka shiga da ƙafarka ka fito da ƙafarka. In ka ƙi, ka manta da hanyar shagon nan, kuma ba wasa nake yi ba."

Ya je ya faɗa wa uwarsa, ta juya masa baya. Ya kira Gilmar don kada ya ji a bakin wani, Gilmar ya zage shi ya kashe waya. Ranar Laraba ta satin zaɓe suka shiga motar Feira, Genilson na zufa kamar wanda ya sha zazzaɓi. Lauyar gwamnati mai kare talakawa ta duba hoton da aka ɗauka ranar kamun, ta dube shi, ta ce ko makaho ya san ba mutum ɗaya ba ne. Aka ɗauki zanen yatsunsa. Da aka tambaye shi wane ne a hoton, ya faɗi sunan yayansa hawaye na zubo masa, Jucélia na riƙe da hannunsa mai tawada.

Ni da na ɗauka shi ke nan, ashe da sauran aiki. Sati bakwai sunan yana nan daram a shafin kotu. A ce alƙali ya tafi hutu, a ce takarda tana ofishin sama, a ce a dawo Litinin. Dona Valdete kuwa ta kafe.

"Ni ban san lauya ba, ban san yatsu ba. Ranar da waya ta ce babu, ranar zan ce akwai aure."

Kullum da safe kafin ta ɗora kofi sai ta duba. Wata Talata ta duba ba ta ga komai ba, ta sake dubawa, ta ari wayar maƙwabciya ta duba a can ma. Daga nan ta rubuta wa Genilson da kanta: "Ka zo Lahadi. Abincinka da ka bari zan sake dafawa. Ka zo da yunwa." Cleiton da ya ji labari ya aiko a ba shi takardarsa mai leda.

A watan Disamba aka ɗaura auren. Uwar Genilson ta zo a makare, ta zauna a kujerar baya, amma da aka fito ta kama fuskarsa da hannu biyu ta sa masa albarka. Daga nan aka ɗunguma zuwa wurin liyafa, ango da amarya da Dona Valdete a mota ɗaya. A kan gadar fita gari sai ga shingen 'yan sanda, aka ɗaga musu hannu.

"Katin kowa da kowa."

Jucélia ta ji hannun mijinta ya yi sanyi ƙalau. Ya zaro katin ya miƙa. Ɗan sandan ya latsa lambar a wayarsa, ya ɗan jira, ya miƙo katin.

"Babu komai. Allah ya ba da zaman lafiya, ango."

Genilson bai karɓa ba. "Ranka ya daɗe, don Allah ka sake dubawa."

"Na ce babu komai, malam."

"Na ji. So nake in ƙara ji."

Ɗan sandan ya dubi amarya, ya ga tana dariya tana share hawaye, ya girgiza kai ya sake latsawa. "Babu wanda yake nemanka."

"Akwai," in ji Jucélia. "Amma ni na riga na kama shi."

Dona Valdete ta buga kujerar direba ta ce a ja mota, nama yana hucewa. Sannan ta juyo ta ɗora hannu a kan su biyun. "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su bi babban titi da rana tsaka."

Muka bi su a baya muna ta hon, har muka isa.