Ɗakin da Rezo Bai Kai Ba

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya bambanta shi da sauran a gidan Aisami, majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wata ƙaramar likita, asibitin karkara, a bayan garin Gure. Hindatu matarsa tana tuƙa tuwo, awaki sun dawo suna rububin ruwa, rana ta yi ja a kan tuddan yashi.

Rezo, wato sabis ɗin salula da intanet, shi ne ya hana Aisami sakat. Shekara huɗu yana da tsohuwar rutarsa, na'urar raba intanet, a falo, baƙa mai ƙaho biyu, tana ba su wifi daidai gwargwado. Amma gidan ginin laka ne mai kauri, da ka wuce rijiyar tsakar gida sai salula ta zama kayan ado. Can ƙurya kuwa ɗakin mahaifiyarsa Yabawa yake, wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta tun bara waccan. Autanta Alhasan ya shekara shida a Tamanrasat, ita kuma ba ta da zance sai na ta ga fuskarsa, ko a salula ne, kafin ta cika.

Sai Aisami ya kirawo Salihu, teknisiye mai haɗa irin waɗannan na'urori, daga Damagaram. Ya zo da fararen akwatuna uku, kowanne bai fi kwanon sha ba. Ya ce ba sai an yar da tsohuwar rutar ba, ita za ta ci gaba da jawo koneksiyon intanet daga waje, a kashe mata wifi kawai don kada ta riƙa karo da sababbin. Ya haɗa na farko da ita, ya ɗora na biyu a tagar madafa, ya ce za su riƙa miƙa wa juna rezo kamar masu miƙon tubali a wurin gini. Da ya shiga ɗakin tsohuwa da salularsa yana aune-aune sai ya yi dariya.

"Majo, nan ko ɗigo babu. Ban taɓa ganin ɗaki mai shiru irin wannan ba."

Ya ja wayar wuta zuwa ɗakin, ya nuna inda za a rataya na uku, ya ruga kada mota ta bar shi.

Aisami mutum ne mai gaggawa, irin waɗanda ke ganin duk abin da ba a auna shi da awo ba zancen tsofaffi ne. Ana shirin kiran magariba ya ɗauko guduma da ƙusa.

"Bari sai da safe, Aisami," in ji Yabawa daga shimfiɗarta. "Ba a taɓa bangon nan da almuru."

"Inna, minti ɗaya ne."

Ko bisimilla bai yi ba. Bugu na uku ƙusa ta shige kamar cikin nama, wata ƴar ƙasa mai ɗumi ta zubo masa a hannu. Ya rataya akwatin, farar fitilarsa ta kama. A tsakar gida awaki suka daina shan ruwa gaba ɗaya.

Washegari da almuru aka fara jifa. Tsakuwoyi ne ƙanana, ɗaya bayan ɗaya a kan kwanon rufi, ba sauri, kamar mai jifan yana da lokaci. Aisami ya zagaya bayan gida da tocila, bai ga ko sawun kaza ba. Da ya ɗauki tsakuwa ɗaya sai ya ji ta da zafi. Rana ta uku salulolin gidan suka yi magana tare, ba wanda ya taɓa su. Muryar tsohuwar mace ce, a gajiye, ta ce, "Ku yi shiru." Hindatu ta saki ludayi ta kama salati. Shi kuwa ya ce koneksiyo ce ta harɗe, amma bai iya cin tuwonsa ba.

Rana ta huɗu Fa'iza, ƴarsu mai shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, ta kai wa kakarta fura, ta zauna ƙarƙashin akwatin da salularta don nan rezo ya fi ƙarfi yanzu. Ladan na cewa Allahu akbar na magariba aka ji ƙarar faɗuwar kwanon fura. Suka same ta a ƙasa, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, idanu a kafe.

Aisami ya yi duk abin da ya sani. Ya auna zafin jiki, ya gwada jininta, ya sa mata ƙarin ruwa. Babu zazzaɓi, babu komai. Da rana tana kwance lamo, ba ci ba magana, da almuru kuma sai maza biyu sun riƙe ta. Kwana biyar tana ramewa a gaban idonsa, shi da ke warkar da ƴaƴan mutane. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har ya ɓuya a bayan rumbu ya yi kuka.

Hindatu ce ta aika ƙauyen Gamu aka ɗauko Malam Fannami, wani dogon dattijo marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka kwantar da yarinyar a ɗakin tsohuwa, ya zauna ya fara karatu a hankali. Haske na janyewa daga bakin ƙofa, muryarsa na ƙara nauyi. Can fitilar akwatin ta koma ja. Fa'iza ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta dube shi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni." Muryar nan ce ta cikin salula.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. A jikinta na ɓuya don in huta. Tun kafin a gina garin nan nake wurin nan. Kuka cika iska da surutu, ku ba ku ji, mu muna ji. Na bar kasuwa, na bar tasha, na bar zaure. Bangon nan kaɗai ya rage mini. Sai ya zo ya kafa mini ƙusa a kafaɗa, ya rataya mini bakin duniya a kunne."

"Ko an zalunce ki, ba ki da hakki a jikin baiwar Allah. Ki fita."

Kan Fa'iza ya juya sannu a hankali zuwa ga ubanta.

"Tambaye shi, Malam. Yaushe rabonsa da zama a ɗakin nan? Daga bakin ƙofa yake gaishe da uwarsa, salula a kunne. Ni ke zama da ita. Ni ke jin tarinta. Bai shigo ba sai ranar da ya zo da guduma."

Aisami ya dubi mahaifiyarsa yana jiran ta ƙaryata. Yabawa ta kawar da kai, tana jan carbinta. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me kike so?" in ji Malam Fannami.

"Ya cire da hannunsa, ya toshe ramin. Daga rijiya zuwa can naku ne. Nan a bar mini."

"In ya cire, kin rantse da wanda ya halicce ki ba za ki sake taɓa kowa a gidan nan ba?"

Sai ta rantse, sau uku, Malam na maimaita mata.

Aisami ya miƙe. Ya yi bisimilla, ya zare wayar, ya sauke akwatin, ya zaro ƙusar, ya kwaɓa laka ya liƙe wurin. Fa'iza ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, da muryarta ta kullum, "Baba, ƙishirwa nake ji." Bai san sa'ad da ya durƙusa ba.

Akwati na uku ya koma cikin kwalinsa. Rezo ya tsaya a bakin rijiya, ba a kuma sake jin tsakuwa ba. Sai dai Yabawa har yanzu ba ta ga Alhasan ba, kuma babu na'urar da za ta kai mata shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Aisami ya shiga ɗakin, ya zauna a gefen shimfiɗarta suka daɗe suna hira. Sannan ya juya mata baya ya tsuguna.

"Inna, hau. Alhasan na jiranmu a salula, can falo."

Ta saƙala hannuwanta a wuyansa. Da ya miƙe sai zuciyarsa ta karye, don ba ta fi nauyin ƙaramin yaro ba, shi kuma bai sani ba sai yau. A bakin ƙofa ta ɗan taɓa kafaɗarsa ya tsaya. Ta waiwaya cikin ɗakin da babu kowa.

"Zan je in ga yaron," ta ce. "Yanzu zan dawo."

Babu iska ko kaɗan a yammacin nan. Suna kaiwa rijiya, ƙofar ɗakin ta rufe kanta a bayansu, a hankali.