Muryar da Ta Hana Amina Nono

"Kai ka kashe mini jika, Ɗalha! Kai da wayar nan taka!"

Inna Safara'u ce tsaye a tsakar gida. Surukinta ya durƙusa, kansa a ƙasa. A gefensa 'yarta A'i na ƙanƙame da zanin goyo, babu kowa a ciki.

"Inna, don in riƙa jin muryar A'i na saya mata. Idan na tafi kasuwar kara a Maigatari kewarta ke damuna..."

"Rufe mini baki! Ga kewa nan ka samu!"

Kwana biyar ke nan da gudawa ta kama Amina, 'yar wata bakwai. Sai ga saƙon murya a wayar A'i, wata mace na cewa ita malamar asibiti ce: a tsayar wa yaro mai gudawa da nono da ruwa, hanji ya huta. A'i ba ta iya karatu ba, balle ta bincika. Murya dai ta ji, mai taushi, har da sallama.

Inna ta ce a ba yarinya nono. A'i ta ce, "Inna, masu ilimi ne fa suka faɗa... mu me muka sani?"

Wannan kalmar ce ta ɗaure Inna. Ita da ta raini 'ya'ya tara, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Shirun nan ke cin ta yanzu.

Da maɗigar yarinyar ta faɗa suka nufi asibiti a Gumel. Likita ya duba ya ce, "Ina ma jiya kuka zo."

"Ni ce, Inna," A'i ta fashe da kuka. "Tana laluben ƙirjina ina kawar da ita! Ɗalha, ka sake ni, ban cancanci..."

Ya riƙo hannunta gam, a gaban suruka, kunya ta kau.

"Haba abar ƙaunata! Wallahi ko ni nan yarda na yi. Ina za ki je ki bar ni da wannan?"

Inna ta kau da kai. Jiya ta taka har Ɗanzomo wajen Sharifa, ƙawar A'i da ta turo saƙon. Sharifa ta ce ita ma turo mata aka yi. Wadda ta turo mata ma haka ta ce.

Inna ta fizgo wayar ta dangwara wa Ɗalha a tafin hannu.

"An ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ji! Amma muryar nan tana da uwa, tana da gida. Ka nemo mini ita, Ɗalha! Ta zo ta dubi zanin nan, ta faɗa mini wa ya aiko ta!"