Gawar da Aka Juya wa Fuska

Burodi kawai Nicanor Tlapa ya fita saye gab da almuru, amma kyamara na rataye a wuyansa, domin ko makewayi ba ya shiga babu ita. Ya daɗe yana ɗaukar hoton gawarwaki wa wata jaridar birnin Veracruz da ake naɗe kifi da ita washegari. Ba a taɓa sa sunansa a ƙasan hoto ba. Bana ya ƙudurta shiga gasar hotuna ta babban birni, sai dai har yanzu ba shi da abin aikawa.

A hanyar bakin tafki ya hangi keken Fulgencio, tsohon abokin aikinsa, jingine da bishiyar kwakwa. Ɗoyi ya tarbe shi tun kafin ya ga komai.

Wani masunci ne ruwa ya dawo da shi. Ya kumbura har maɓallan rigarsa sun tsinke. Ƙananan kaguwa na shiga da fita ta hannun rigar kamar 'yan haya. Fuskarsa na kife a laka.

"Ungulu ta biyu ta sauka," in ji Fulgencio, ya toshe hanci da hankici.

"Ta farkon ai ta tsufa, ba ta gani," in ji Nicanor.

Fulgencio ya cire hula, ya ce wa gawar a hankali, "Gafara dai, maigida, aiki ne." Sannan ya ɗauki hotonsa. Dokar masu wannan sana'a ke nan: ka nemi izini, kuma kada ka taɓa. A ganin Nicanor, dokar ta dace da waɗanda ba su yi nisa a makaranta ba.

Rana na faɗuwa, jawur, irin hasken da alƙalan gasa ke so. Duk yana zuba a ƙeyar mamaci, a banza.

Da Fulgencio ya hau keke ya tafi kiran 'yan sanda, Nicanor ya durƙusa. Ya kama kumatun da hannu biyu. Ya juya kan wajen rana.

Wuyan ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Fatar kunci ta saluɓe ta biyo yatsunsa, tamkar ɓawon dafaffen tumatir. Baƙin ruwa ya malalo daga bakin. Nicanor ya yi amai a gefe, nesa da kyamara, ya goge hannu a ciyawa, ya ɗauki hoto.

Ya manta da burodin. Ya wuce ɗakin wankin hotonsa, tsohon banɗaki a bayan gida. Ya rufe ƙofa, ya kunna jar fitila, ya wanke fim ɗin. Fuskar na nan tana kallon haske, yadda ya bar ta. Ya buga ta a takarda, ya tsoma a farantin ruwan magani.

Hoton ya fara fitowa. Riga. Kafaɗa. Ƙeya.

Fuskar na kife a laka.

Ya buga wata takardar. Ƙeya.

Sai warin ɗakin ya sauya. Tsamin maganin da ya saba da shi ya ɓace, ƙarnin tafki ya maye wurinsa. Wani abu na ɗiga a bayansa, alhali famfon ya daɗe da mutuwa. Ƙananan ƙafafu na karce daɓe.

Numfashi ya sauka a kunnensa, mai sanyi, mai kumfa.

"Ka tambaye ni?"

Hannu biyu suka kama kumatunsa. Jiƙaƙƙu. Masu laushi fiye da kima.

Suka fara juyawa.

Ya ji ƙashin wuyansa na magana.

"Gafara dai, maigida," ya ce da ragowar maƙogwaronsa.

Hannuwan suka tsaya. Ba su mayar da kan ba, sun dai sake shi.

Ya banke ƙofa ya faɗa tsakar gida. Da ya samu ƙarfin leƙawa, takardar na cikin faranti. Masuncin na kallon rana, haske kwance a fuskarsa. Hoton ya yi kyau, wannan babu musu.

Likita ya ce jijiyar wuya ce ta riƙe, Nicanor kuma ya amince, domin bayanin ya fi daɗin faɗa. Lemon tsami bai fitar da ƙarnin daga yatsunsa ba. Mai burodi ta koma ajiye masa nasa a bakin taga.

Ya aika hoton. Shi ya ci gasar.

Jarida ta turo Fulgencio ya ɗauki gwarzon.

"Kallo nan, ungulu."

"Ina kallo."

Fulgencio ya zagaya ta hagu. Kan Nicanor ya karkata. Ya dawo ta dama. Kan ya sake kaucewa, da 'yar ƙarar busasshen kara. Tsohon ya miƙa hannu zai gyara masa, sai ya fasa. Ya cire hula.

"Gafara dai, maigida, aiki ne."

Washegari sunan Nicanor Tlapa ya fito a shafin farko da manyan baƙaƙe, babu kuskure ko ɗaya, a ƙasan hoton wata ƙeya.