Kurmin Ƙaya na Gonar Tahiru

Rana ta sunkuya, Habi tana tankaɗe a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin ƙwarya. Ta leƙa bayan danga, ba kowa. Na biyu ya faɗi gaban mijinta Tahiru yana alwala, kuma shi kaɗai ya lura da jan fenti a jikin dutsen. Ya ci gaba da alwalarsa.

A shekarar ne mutanen ƙauyensu, kusa da Gidan Sori, suka tashi sare baƙon icen ƙayar nan da ya cinye makiyaya, don a watsa irin gamba da ƙyasuwa, dabbobi su samu ci. An share ko'ina sai wani kurmi a jikin gonar Tahiru. Shi ya rantse wa masu gatari cewa gidan aljanu ne, ya ga wuta a ciki da idonsa. Wa zai ja da mai furfura? Aka bar wurin.

Kwana uku ana jifa kowace magariba. A na huɗu 'yarsu Maijidda ta dawo daga rijiya, ta zauna tana tonon tafin ƙafarta kamar mai cire ƙaya, tana kukan shanu. Ko ruwa ta daina sha.

Aka ɗauko Malam Abdulƙadir daga Cadakori, maƙwabta suka cika gida. Ya daɗe yana karatu kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar. Malam ya tambaya ko saran itatuwa ne ya ɓata wa aljanun rai.

"Wa ka zama cikin ƙaya, Malam? Mu ma shanunmu sun rame. Ciyawa munka sani tun kakannin wanga mutum. Ƙarya ya yi muna, ya laƙa muna gidan da ba namu ba. Ku tambaye shi mi ya ɓoye ciki."

Tahiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam ya yi tayin baƙin bunsuru, muryar ta ƙi. Ya nemi a bar dattijo ya gyara ɓarnarsa a ɓoye, ta ƙi. Sai dai Tahiru ya sare kurmin da hannunsa, ido na ganin ido, gaban jama'a, kuma a sara na farko za ta saki yarinyar.

Washegari da hantsi Tahiru ya ɗaga gatari ya kai sara. A gida Maijidda ta yi atishawa, ta ce a ba ta fura. Kafin azahar dutsen iyakar makiyaya ya bayyana da jan fentinsa, gonar Tahiru ta wuce shi da taku arba'in.

Ba wanda ya zage shi, shi kuwa ya fi son a zage shi. Garzali makiyayi, wanda Tahiru ya taɓa kai wa maigari ƙararsa don shanunsa sun taka daidai wannan wurin, ya dubi dutsen ya daɗe. Sannan ya ɗauki gatari ya tsaya kusa da Tahiru.

"Huta, Baba," ya ce. "Bari in kama maka."